Ƙaramin Yatsan Yaya

Auta tana cikin yanka tiyon wata motar haƙa ƙasa, zarton lantarki yana ƙara yana watsa tartsatsi, sai ta ga inuwar mutum ta faɗo a kan teburinta. Ba ta ɗaga kai ba sai da ta gama, domin mai riƙe da zarto ba ya kallon baƙo. Da ta kashe injin ta ture tabarau saman goshi, sai ga yayanta tsaye a bakin ƙofa cikin shuɗin kayan aikinsa, ya rungumo wani kwali.

Watansa tara rabonsa da layin bakanikai. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, aka yi masa aiki har sau biyu. Kayan da a da suke ɗame shi yanzu sun yi masa yawa. Ya naɗe hannun rigar, ya kuma ƙara wa bel ɗinsa huda biyu.

"Auta, ba a gaishe da manya a shagon nan?"

"Manyan da suka gudu suka bar mana layi? Sannu da zuwa, Yaya. Ka karya kuwa?"

"Ke da matata bakinku ɗaya. Na karya, na sha magani, na sa hula. Saura me?"

A bayansa mutum biyu suka shigo. Na farko mai batir ne, maƙwabcin shagon Auta, wanda bakinsa ba ya hutawa tun daga buɗe ƙofa har rufewa. Na biyun kuwa wani siririn mutum ne mai kiwon kaji, yana ta juya makullin mota a hannu.

Yaya ya ajiye kwalin a kan tebur ya buɗe. A ciki akwai na'urar sanyaya baƙin mai, wadda bakanikai ke kira kula, fara sol kamar ƙaramin lagireto. Kusa da ita an naɗe wani dogon tiyo mai rigar saƙar waya, ga kuma kawunan ƙarfe huɗu na matsewa a bakin tiyo a cikin leda.

Mai kaji ya yi wa Auta bayani, ko da yake ba ta tambaya ba. Motarsa 'yan tsaki take ɗauka, na kwana ɗaya, daga wurin ƙyanƙyasa zuwa gonaki. Hanyar tana da doguwar hawa. Kafin ya kai ƙarshenta baƙin mai ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa, jar fitila ta fara ƙifta masa ido. Shi ya sa ya sayi kular.

"Wata biyu kwalin nan yana ƙarƙashin gadona," in ji shi. "Mutum uku suka ce in kawo su ɗaura. Na ce ba mai taɓa motar nan sai Oga ya miƙe."

"Ka ji masoyi," in ji mai batir. "Ni ko matata ba za ta jira ni wata biyu ba."

Yaya bai yi dariya ba, amma Auta ta ga yadda ya gyara tsayuwa. Ta san abin da aikin nan yake a wurinsa. Babban ɗansa ya daɗe yana matsa masa ya sayar da gareji ya zauna a gida. Shi kuwa amsa ɗaya yake ba shi, ta kuma ji ta da kunnenta a gadon asibiti: ranar da hannunsa ya yi masa ƙarya, ranar zai rufe gareji da kansa, ba sai an roƙe shi ba. Yau ce ranarsa ta farko, wannan kuma shi ne aikinsa na farko.

Ya ɗauki kular ya juya ta, sannan ya fuskanci mai kaji da irin muryar da ya koyar da rabin layin da ita.

"Ka ga, kula ba ta da wahala. Tiyo ne mai wahala. Da, mai yana fitowa daga famfo ya wuce kai tsaye wurin ƙarafan da ke gogar juna. Yanzu za mu ce masa ya fita waje tukuna, ya bi tiyo, ya ratsa kula, ya sake bin tiyo ya dawo. Mun ƙara masa tafiya. In hanyar ta yi ƙunci, zai iso a makare, kuma kaɗan zai iso."

"To a sa babba mana, Oga, a huta."

"In ka sa lamba sha biyu, kullum da safe sai famfo ya gama cika tiyo kafin inji ya ga ɗigo. Lamba takwas kuma ta ƙananan motoci ce. Injinka babba ne, ga kaya, ga hawa. Goma yake so. Ba takwas ba, ba sha biyu ba."

Tiyon da ke cikin kwalin ba shi da rubutu ko ɗaya a jikinsa. Amma wannan bai taɓa damun Yaya ba. Duk layin an san ƙaramin yatsansa na hannun dama. Shekara talatin da shi yake awo. In ya zura shi a bakin tiyo ya tsaya a gindin farce, lamba takwas ke nan. In ya shige har gaɓar farko ya tsaya, goma. In gaɓar ta wuce, sha biyu. An sha kawo ma'auni don a kama shi, ba a taɓa kama shi ba.

"A matsa, a matsa," in ji mai batir, yana ture mai kaji da gwiwar hannu. "Za a fito da kayan aiki. Wannan yatsan ya kamata a yi masa inshora."

Yaya ya goge yatsan a ƙirjin riga, ya zura shi a bakin tiyon. Ya shige sumul, ya tsaya daidai gaɓar farko.

"Goma ne cif," ya ce. "Auta, ki yanka mana biyu, ki matse kawunan. Zan ba ki tsawo."

Ta karɓi tiyon. Tun kafin ta gama karɓa hannunta ya gaya mata wani abu. Kullum tana ɗaukar tiyo sama da hamsin, wannan kuwa ya yi nauyi fiye da girmansa. Ta dubi bakinsa. Daga waje faɗinsa na goma ne, amma bangon robar ya yi kauri. Ta ce bari ta ɗauko tef, ta zaga bayan kanta inda naɗe-naɗen tiyo suka kare ta, ta zaro ma'auninta na ƙarfe mai muƙamuƙi biyu daga aljihu, ta sa a ciki.

Takwas ne.

Ta sake aunawa a ɗaya bakin. Takwas. Ta zazzage kawunan ƙarfen a tafin hannu. Bakinsu da ake murɗawa a jikin kula na goma ne, amma wutsiyar da ke shiga cikin tiyo siririya ce, an yi ta daidai da takwas. Wato komai zai shiga cikin komai lafiya lau, ba abin da zai yi gardama, ba abin da zai yi yoyo. Mota za ta tashi, ta yi kwana uku ko mako guda tana yawo cikin gari. Sai ranar da ta ɗauki kaya ta kama hawa, injin ya nemi mai bai samu isasshe ba, ya buga. Kuma kowa a layin zai san hannun wanda ya ɗaura.

Ta leƙa ta tsakanin naɗin tiyo biyu. Yaya ya dafa tebur yana sauraron mai batir. Sai a lokacin ta dubi hannun nasa da kyau. Hannun da a da yake kamar guduma, mai kanta da tsaga, ya zama sumul, fatar ta yi haske, yatsun sun sirance. Ilimin yana nan yadda yake. Ma'aunin ne ya rame tare da mai shi.

Ta fito da tef a hannu.

"Yaya, tiyon nan bai kwanta mini ba. Ka bari in yanka maka daga nawa."

Ya karɓe shi, ya lanƙwasa shi har ya kusa haɗa baki biyu, ya sake shi ya miƙe. Ya kai hanci ya shinshina robar. Ya ja farce a kan saƙar wayar.

"Me ya same shi? Roba ce mai kyau, za ta ɗauki zafi. Ko kasuwa kike nema da yayanki tun ranar farko?"

"Ashe!" in ji mai batir. "Jini jini ne, amma ciniki ciniki ne."

Har mai kaji ya yi dariya. Auta ta yi murmushi ita ma, ta mayar da tiyon kan tebur. Abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne, robar ba ta da laifi.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ta gan ta sarai. A kan kanta ta uku tana da tiyo lamba goma mai irin wannan rigar waya, tana da kawunansa. Da zarar sun fita, sai ta yanka nata ta matse, ta jefa wancan a bayan shago. Motar za ta tsira, Yaya zai koma gida da farin ciki, ba mai sani.

Ta daɗe tana kallon kantar. Wata tara ke nan kowa a gidan yana yi masa irin wannan alherin. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce, "Kai, ka murmure!" Matarsa ta kai wandunansa wurin tela a ɓoye an rage su. Ita kanta Auta ta faɗi nata. To yau tana nan, za ta iya canja tiyo. Gobe fa, in ya zura yatsan a wani tiyon a cikin garejinsa, ita tana nan tana yanka na wasu?

Shi ya zaunar da ita a gefen garejinsa shekara ashirin da suka wuce, lokacin da mutane ke cewa me ya haɗa mace da baƙin mai. Abu na farko da ya koya mata shi ne kada ta matse kan da ta san ba daidai ba ne, ko da uban wa ya kawo.

"Maigida," ta ce wa mai kaji, "don Allah ɗauko motar ka kawo ta ƙofar nan. Na fi son in ga tsawon da idona."

Ya fita da sauri. Ta juya ga mai batir.

"Kai kuma tun ɗazu wata mata take tsaye a ƙofar shagonka."

"Wace mata?"

"Je ka gani mana. In ta tafi kada ka ce ban gaya maka ba."

Ya leƙa, ya dube ta, ya dubi Yaya. Surutu gare shi, amma ba wawa ba ne. Ya ce bari ya je kada a sace masa ruwan batir, ya fita.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Auta ta miƙa hannu ta sauko da wani zoben waya daga ƙusa. Guntayen tiyo ne aka jera a jikinsa, daga ƙarami zuwa babba, kowanne da ɗan gwangwani a rataye an ƙwarzana lambarsa. Ta zaɓi ɗaya, ta rufe gwangwanin da tafin hannunta, ta miƙa masa bakin.

"Yaya, auna mini wannan."

"Jarrabawa za ki yi mini?"

"Auna dai."

Ya zura yatsan yana murmushi. Gaɓar ta shige ta wuce.

"Sha biyu."

Ta buɗe hannunta. A jikin gwangwanin an ƙwarzana goma, da rubutunsa, da ƙusar da shi ya riƙe ranar da ya haɗa mata zoben don ta koyi lambobi.

Ya karɓi zoben gaba ɗaya. Ya nemo mai lamba takwas ya zura, yatsan ya tafi har gaɓar farko ya tsaya. Ya zare, ya ɗauki tiyon kwalin ya zura, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya maimaita sau biyu, a hankali, kamar mai fatan na uku zai bambanta. Sannan ya ajiye su, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, ya juya bayansa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Yanzu na gani. Da na karɓi tiyon."

"Ba shi nake tambaya ba. Tun yaushe kuke kallona haka kuna cewa na murmure?"

Ta so ta kauce, amma ta riga ta shiga ruwa.

"Tun aiki na biyu. Ka rame ƙwarai, Yaya. Ka fara dawowa, amma da saura."

Ya jawo kujerar roba ya zauna. Ya fara warware hannun rigar da ya naɗe, ɗaya bayan ɗaya, har suka rufe masa yatsu. Auta ta san wannan alamar. Haka yake yi in ya tashi daga aiki.

"Da na kashe wa bawan Allah inji," ya ce. "Mutumin da ya jira ni wata biyu. Ɗan nan nawa ashe ya fi ni gaskiya."

"Tsaya in tambaye ka. Injin nan lamba nawa yake so?"

"Goma."

"Wa ya faɗa?"

Ya dubi kular da ke kan tebur.

"Ni dai ban sani ba," ta ce. "Ni tiyo na sani, ban san inji ba. In ka ce takwas, takwas zan matse maka, in yi barcina. Mutum ukun da suka ce a kawo su ɗaura, wanne a cikinsu zai tsaya ya tambayi injin abin da yake so? Za su ga komai ya shiga, su ɗaure, su wanke hannu. Kai ka san amsar tun kafin ka buɗe kwali. Ma'auni ne ya goce, ma'auni kuwa ko nawa na ƙarfe sai na gyara masa zama duk wata."

"Naki na ƙarfe ne. Nawa a jikina yake."

"To, sai a yanke a yar?"

Ya ɗago ya harare ta, harara irin ta da, wadda ta sa ta ji daɗi. A waje aka ji ƙarar mota tana ja da baya.

Ta rage murya. "Ba wanda ya sani sai ni da kai. In sun shigo zan ce na ga tsaga a cikin robar. Su yi mini dariyar son ciniki, ba komai."

Ya dube ta har sai da ta sunkuyar da kai.

"Yanzu kika gama gaya mini gaskiya, za ki koma ki yi ƙarya saboda ni? Wa ya koya miki haka?"

Ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya ƙwala wa mai batir kira, ya yafito mai kaji. Da suka shigo ya ɗaga tiyon sama yadda kowa zai gani.

"Ɗazu na ce muku wannan goma ne. Ba goma ba ne, takwas ne. Yatsana ya rame, ya ba ni labarin da ba haka ba. Auta ce ta kama. Da an ɗaura shi, da injinka bai kai ƙarshen wata ba."

Mai batir ya buɗe baki, a karon farko tun safe bai sami abin sawa a ciki ba. Mai kaji kuwa ya daina juya makulli. Ya dubi tiyon, ya dubi hannun Yaya, damuwa ta fito ƙarara a fuskarsa.

"Amma Oga, ai bambancin ɗan kaɗan ne. Ni idona bai ma gani ba."

"Auta, ba ni mazurari biyu da galan ɗin baƙin mai."

Ya sa ta yanko tiyo lamba goma daidai tsawon na kwalin. Ya cusa mazurari a bakin kowanne, ya ba mai batir ɗaya ya riƙe, mai kaji ɗaya, ƙasan kowane tiyo a cikin gwangwani. Ya auna mai kofi ɗaya ɗaya, ya ce wa Auta su zuba tare. Suka tsaya suna kallo. Mazurarin mai batir ya zuƙe nasa ya ƙare. Na mai kaji kuwa yana nan da kusan rabi, yana sauka a hankali kamar mai ciwon ƙafa.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Wancan rabin da ya rage, shi ne abin da injinka zai riƙa jira a tsakiyar hawa."

Mai kaji ya gyaɗa kai. Amma bai gama ba. Ya yi ta murza makullin, sannan ya faɗi abin da ke ransa, don mutum ne da 'yan tsaki dubu uku ke dogara da motarsa.

"Kada ka ji haushi, Oga. To in yatsan ya daina, da me za a auna sauran aikin?"

Auta ta dubi yayanta. Ya miƙa mata hannu ba tare da ya kalle ta ba.

"Ba ni abin nan naki."

Ta sa masa ma'aunin ƙarfen a hannu. Shekara talatin yana yi wa masu riƙe shi ba'a, yana cewa sandar makafi ce. Ya buɗe muƙamuƙin, ya sa a bakin kular, ya kawo kusa da ido, ya kai nesa, ya karkata shi wajen haske.

"Wane mugun ne ya rubuta lambobin nan ƙanana haka?"

Ta cire tabaraunta na karatu, mai jan firam da 'yar sarƙa, ta miƙa masa. Ya ɗora a hanci. Nan take bakin mai batir ya dawo.

"Wayyo Allah! Oga, ka yi kyau! Saura jaka da ɗan kunne."

"Rufe mini baki ka riƙe fitila," in ji Yaya. "Bakin kula goma. To. Mu je wurin inji."

Ya sake naɗe hannun rigarsa.

Sauran aikin ya tafi yadda aikinsa ya saba tafiya, a tsanake, abu ɗaya bayan ɗaya. Bai auna tsawo da tef ba sai da ya bi hanyar da igiya tukuna, ya kauce wa bututun hayaƙi, ya kauce wa fanka, ya bar ɗan sako-sako saboda inji yana girgiza. Ya ƙi kawuna masu lanƙwasa kamar gwiwa, ya ce mai ba ya son kwana mai kaifi, ya zaɓi masu lanƙwasa a hankali. Kowanne sai da ya auna cikinsa da ma'aunin, ya kuma faɗi lambar da ƙarfi don mai kaji ya ji. Auta ta yanka, ta wanke cikin tiyon, ta matse. Ya ɗaga kowanne ya leƙa ta ciki wajen rana, ko robar ta ɓare ta toshe hanya. Kafin ya ɗaure na ƙarshe ya cika kular da mai da hannunsa, don kada injin ya tashi a bushe.

Sau biyu ya tsaya ya zauna a kan taya yana mayar da numfashi. Ba wanda ya ce masa sannu. Mai batir ya kawo shayi ya ajiye a kan bonet, ya ce shi ya yi masa yawa ne.

Da rana ta karkata aka tayar da motar. Jar fitilar ta mutu nan da nan. Yaya ya sa aka loda buhunan yashi shida a baya a madadin kaya, ya shiga gefen direba, suka tafi neman hawa.

Auta ta koma kan tiyon motar haƙa ƙasa da ta bari tun safe. Ta matse kai ɗaya, ta leƙa titi. Ta matse na biyu, ta sake leƙawa.

Sun fi awa ɗaya kafin su dawo. Mai kaji ya sauke shi a ƙofa, ya leƙo ta taga yana washe baki, ya ce sau uku suka hau suka sauko fitila ba ta ko motsa ba, ya wuce. Yaya ya shigo shi kaɗai, fuskarsa da gajiya, gaban rigarsa ya yi baƙi. Bai yi maganar motar ba. Ya zauna a kujerar roba, ya jawo zoben guntayen tiyon kan cinyarsa.

Tana share ƙasa tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya ɗauki mai lamba takwas. Ya gwada manuni, bai shiga ba. Ya gwada na tsakiya, ko kusa. Sai ya zura yatsan zobe, ya shiga ya tsaya a gindin farce. Ya ɗauki mai lamba goma. Yatsan ya tafi har gaɓar farko ya tsaya. Ya zare ya ɗaga shi yana dubawa, kamar yau ya fara ganinsa.

"Kin ga wannan? Shekara talatin yana zaune a tsakiyar 'yan'uwansa yana cin abinci, bai taɓa yin aikin komai ba."

"In ka yi ƙiba kuma fa?"

"Sai ƙaramin ya dawo daga hutu. Ki bar zoben nan a inda zan riƙa ganinsa. Duk Asabar zan zo mu duba."

Ya miƙe, ya rataye zoben a ƙusarsa, ya cire tabaraun ya ajiye mata a kan tebur. Ma'aunin ƙarfen kuwa yana cikin aljihun ƙirjinsa, kansa ya leƙo waje. Ta gan shi, shi ma ya san ta gani.

"Gobe da ƙarfe bakwai za a kawo mini wata babbar mota," ya ce daga bakin ƙofa. "Ki buɗe da wuri."

"To, Yaya."

Ta jira har ya tsallaka titi zuwa garejinsa, sannan ta buɗe durowa ta fara neman tsohon ma'auninta.